Kwalli: Dutsen Dalma da Ya Daɗe a Idon Bahaushe

A watan Janairun 1824 matafiyin nan ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, ya sauka a Kano, ya yi makonni yana zaga babbar kasuwar birnin yana rubuta abin da ya gani. Cikin hajar da ya lissafa a rumfuna akwai almakashi da wuƙaƙe ƙirar gida, da alharini, da duwatsun ado, sai kuma wani dutse mai ƙyalli wanda ya ɗauka antimoni ne, ya ce daga cikin ƙasar ake samo shi. Batun inda ake samo shi, ya faɗi daidai. Batun ko wane dutse ne, nan kam ya yi kuskuren da Turawa da dama suka yi ta maimaitawa bayansa. Dutsen da mata ke saye a kasuwar Kurmi su niƙa su zizara a ido, wato kwalli ko tozali, galibi idan aka kai shi ɗakin gwaji abu guda yake nunawa: galina ne, uwar dalma.

Duk wanda ya taɓa ɗaukar ɗanyen kwalli a hannu ya san abu biyu game da shi. Na farko nauyi. Ɗan guntun da bai cika tafin hannu ba sai ya rinjayi hannun, domin galina ya ninka ruwa nauyi kusan sau bakwai da rabi, alhali dutsen da ake fasawa a yi gini bai kai sau uku ba. Na biyu yadda yake fashewa. Idan aka buga masa guduma ba ya tarwatsewa barkatai, sai ya rabu gida-gida, kowane guntu da fuska shida a miƙe kamar ƙwayar sukari, a sake bugun guntun ya sake ba da ƙananan irinsa. Dalili shi ne yadda Allah ya jera ƙwayoyin halittarsa: ta dalma ɗaya, ta farar wuta ɗaya, bi da bi, ta kowace fuska. Sabon fasasshen dutsen yana walƙiya har ya kashe ido, in ya kwana biyu a iska sai ya dusashe ya koma ruwan toka. Ga shi kuma da laushi. A ma'aunin taurin duwatsu, inda lu'ulu'un daimon ke da maki 10, galina 2.5 gare shi, daidai da farcen mutum. Wannan laushin ne ya sa mace za ta iya mayar da shi gari a kan dutsen niƙa ba tare da ta nemi taimakon maƙeri ba. Idan aka auna tsantsarsa, kashi 86.6 cikin 100 dalma ce, ragowar farar wuta.

Ba daga Makka ko Masar yawancin kwallin Kurmi yake zuwa ba, ko da yake mai talla ba zai ƙi a zaci haka ba. Daga kwarin Binuwai yake. Fiye da shekara miliyan 100 da suka shige, lokacin da nahiyar Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, ƙasa ta tsage tun daga gaɓar teku har zuwa wajen Gombe. Ruwan gishiri mai zafi ya riƙa tasowa daga ƙarƙashin ƙasa ta cikin tsagogin, yana hucewa yana barin dalma da tutiya a jikin duwatsu. Shi ya sa jijiyoyin dalmar Najeriya suka jeru a layi guda mai tsawon ɗaruruwan kilomita: Ishiagu da Enyigba kusa da Abakaliki a jihar Ebonyi, Arufu da Akwana a ƙasar Wukari, Zurak a ƙasar Wase, sai Gwana a Alkaleri ta jihar Bauchi. Wannan ruwan dai shi ya bar maɓuɓɓugan gishiri a Akwana da Awe da Keana. Ke nan bafataken da ya gangara kudu neman gishiri, kwalli na nan kusa da shi, ba sai ya sake wata tafiya ba.

Jukunawa ke da ikon wannan yanki a da, kuma a tsakaninsu akwai Abakwariga, jikokin Hausawan da suka zauna a can tun da daɗewa suna saƙa da rini da fatauci. Ta hannun irin waɗannan mutane dutsen ke hawowa arewa. Kaya ne da ya dace da jaki: ba ya ruɓewa, ruwan sama ba ya narkar da shi yadda yake yi wa gishiri da kanwa, ɗan kaɗan kuma yana kawo kuɗi. Daga manyan kasuwanni sai 'yan koli su ɗauka, su haɗa da allura da madubi da turare, su bi ƙauyuka ranar kasuwa. Ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro ma yakan tafi da shi cikin kayan musaya, tare da kanwa da tufafi da jar fata. Yarabawa suna kiransa tiro, Ibo suna cewa otanjele, amma dutsen ɗaya ne.

Har wata sana'a kwalli ya raya a gefe, wato ta masu tandu. Sukan kankare ɗanyar fata ta yi laushi, su riƙa liƙa ta a jikin wata 'yar siffa da suka gina da yumɓu, in ta bushe ta yi tauri sai su farfasa yumɓun daga ciki su zazzage shi. Abin da ya rage shi ne tandu, mara nauyi, mai ɗan dogon wuya, wanda ake yi wa zane da rini. Kayan ɗakin amarya a da ba su cika ba sai da shi.

Al'adar kanta ta girmi Kano nesa ba kusa ba. A Beni Hasan da ke Masar akwai kabarin wani hakimi mai suna Khnumhotep na Biyu, kuma a bangonsa an zana wata tawagar baƙi daga gabas, mutum 37 bisa ga rubutun da ke wurin, sun zo da jakunansu da 'ya'yansu suna ɗauke da baƙin kwalli. Zanen ya kai kimanin shekara 3,900. Misirawan suna da nasu ramukan galina a Jabal Zait, a gaɓar Bahar Maliya, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana haƙa. Maza da mata da yara duk suna sawa, har mamaci ana binne shi da tukunyar kwallinsa. A 1999 wasu masana a Faransa, ƙarƙashin Philippe Walter, suka binciki ragowar garin da ke cikin irin waɗannan tukwane kimanin 50 da ke ajiye a gidan tarihi na Louvre. Sun sami galina, kamar yadda aka zata. Amma sun kuma sami wasu fararen gishirin dalma guda biyu waɗanda ba kasafai ake samunsu a ƙasa ba, har suka kai ga cewa Misirawan da hannunsu suka haɗa su: a jiƙa tokar dalma da gishiri da kanwa cikin ruwa, a tace, a sake ruwan, a yi ta yi har makonni. Mutanen da za su yi wannan wahala ba ado kaɗai suke nema ba. Ga alama magani suke haɗawa, domin ciwon ido ya yi yawa a bakin kogin Nilu, musamman bayan ambaliya.

Da Musulunci ya zo sai kwalli ya sami wani matsayi. Hadisai sun kwaɗaitar da sa ismid, musamman lokacin kwanciya barci, saboda ƙarin gani da tsiron gashin ido. Shi ya sa a ƙasar Hausa kwalli bai taɓa zama kayan mata kaɗai ba. Dattijo zai sa ranar Juma'a, malami zai sa, ango zai sa, ranar Sallah kuwa har yara maza akan rambaɗa musu. Littattafan fiƙihu sun ba shi babi: mai takaba ba ta sa shi har ta cika wata huɗu da kwana goma, kuma a mazhabar Malikiyya mai azumin da ya sa kwalli da rana har ya ji ɗanɗanonsa a maƙogwaro, azuminsa ya ɓaci. Wannan hukunci na ƙarshe abin a tsaya a kansa ne. Malaman sun lura, tun kafin a zana hoton jijiyoyin fuska a littafin likita, cewa abin da aka sa a ido yana iya gangarawa maƙogwaro. Akwai wata 'yar kafa a kusurwar ido ta wajen hanci wadda hawaye ke bi, shi ya sa mai kuka yake jan majina. Ta nan garin kwalli ke bi ya isa ciki.

Su kuwa malaman da suka yi bayanin ismid, galibi wani baƙin dutse suka siffanta mai ɗan ja-ja, wanda ake kawowa daga Isfahan ta ƙasar Farisa, kuma masana da yawa suna ganin dutsen antimoni ne. Antimoni da galina sun yi kama a ido, duka masu ƙyalli ne ruwan toka, duka suna niƙuwa. Bambancinsu a siffa yake da nauyi: na antimoni yana fitowa dogaye-dogaye masu tsini, nauyinsa kuma bai wuce ninki huɗu da rabi na ruwa ba sai kaɗan. Galina ya fi shi yawa a duniya, ya fi shi araha, don haka shi ya cika kasuwa tun daga Maroko har Indiya. Mai sayen kwalli da niyyar raya sunna, sau da yawa dalma yake kaiwa gida bai sani ba.

A wasu ƙasashen kuma wata daraja dabam aka ba dutsen. Galina yakan ɓoye 'yar azurfa a cikinsa, kuma da azurfar ramukan Laurion mutanen Atina ta ƙasar Girka suka ƙera jiragen ruwan da suka karya rundunar Farisa a Salamis, shekara 480 kafin haihuwar Annabi Isa. A farkon ƙarni na 20 ya shiga rediyo. Masanin nan ɗan Indiya, Jagadish Chandra Bose, ya yi rajistar wata na'ura a 1904 mai amfani da galina wajen kama saƙon iska, kuma a shekarun 1920 dubban gidaje a Turai da Amurka da ɗan guntun dutsen kwalli da siririyar waya suke sauraren tasha, ba batir ba lantarki. Yau mafi yawan dalmar da ake narkarwa a duniya batirin mota take tafiya, can ne kuma buhunan da ake lodi daga Enyigba da Zurak suke ƙarewa, akasari ta hanyar Sin.

Sai kuma masu tara duwatsu, waɗanda ba niƙawa suke yi ba, ba narkarwa ba, kallo kawai. Abin da ya fi jan hankalinsu shi ne 'ya'yan da galina ke haifarwa. Idan jijiyar dalma ta kusanci saman ƙasa, ruwan sama da iska suka yi dubban shekaru suna cin ta, sai dalmar ta saki farar wuta ta kama wani abu, launi da siffa su sauya gaba ɗaya. In ta kama sinadarin banadiyam sai a sami banadinait, ja wur, mai kusurwa shida, wanda mafi kyawunsa daga Mibladen yake fitowa, kusa da Midelt a Maroko. Kamfanonin dalma sun daɗe da tashi daga can, amma 'yan garin suna nan suna shiga ramuka da guduma da kurfi, domin faranti guda mai kyau ya fi buhun dalma kuɗi. In ta kama kuromiyam sai a sami kurokoyit, dogayen allurai masu launin ja da ruwan lemo, abin alfaharin Dundas a tsibirin Tasmaniya. Daga irin wannan dutse, wanda aka kawo daga tsaunukan Ural na Rasha, Bafaranshe Vauquelin ya fara gano kuromiyam a 1797. Akwai wulfenait na ramin Red Cloud a Arizona, falle-falle masu kusurwa huɗu, da firomofait kore shar daga kudancin Sin. Kowace shekara a watan Fabrairu dillalai da masu saye daga ko'ina suna haɗuwa a birnin Tucson na Amurka, inda dutsen da bai kai girman dunƙulen hannu ba ake iya sayar da shi dubban daloli, muddin ko kusurwa ɗaya ba ta ɓantare ba.

Sarauniyarsu dai ita ce serusait, wadda ke samuwa idan dalma ta haɗu da iskar kabon da ke cikin ruwa. Fara ce, wani lokaci garau har ana hango bayanta, kuma tana rarraba haske zuwa launuka fiye da yadda daimon ke yi. Da tana da tauri da ta kori daimon daga zobba, sai dai makinta bai wuce 3.5 ba, ɗan zafi ko ɗan bugu sai ta tsage. Ramin Tsumeb a Namibiya shi ya fi shahara da ita. Tun kafin zuwan Jamusawa mutanen yankin suna ɗibar tagulla a wani koren tudu da ke wurin suna musaya da maƙeran Ovambo. Daga farkon ƙarni na 20 har zuwa 1996 da aka rufe shi, ramin ya nutsa fiye da mita 1,500, ya fitar da ma'adinai iri fiye da 240, cikinsu sama da 50 a can aka fara ganinsu a duniya. Serusait ɗin Tsumeb takan fito sanduna-sanduna da suka sarƙe da juna suka yi raga, kuma daga can aka samo wadda aka feƙe mai nauyin karat 898 da ke gidan tarihi na Royal Ontario a Toronto.

Wannan serusait ɗin ta taɓa shigowa tarihin ƙasar Hausa, amma ba cikin akwatin gilashi ba.

A farkon 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen sa ido kan sanƙarau a Zamfara suka tarar da ƙauyuka inda yara ke amai, suna jijjiga, suna mutuwa, kuma maganin zazzaɓi bai yi musu komai. Farashin zinariya ya tashi a lokacin, mutanen ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum suka koma haƙa. Dutsen da suka ci karo da shi yana da zinariya, yana kuma ɗauke da dalma mai yawan gaske. Aka riƙa kawo shi cikin gida, ana daka shi a turmi, ana niƙa shi a injin niƙan hatsi, ana shanya shi a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Binciken da aka yi a ƙauyukan Dareta da Yargalma ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda, ɗaya cikin huɗu ke nan. Jimillar waɗanda aka rasa ta haura 400. A wasu wuraren dalmar da ke cikin ƙasa ta wuce kashi 10 cikin 100. Na'urar gwajin jini da aka je da ita iyakarta maikurogiram 65 na dalma, kuma yara da yawa sun wuce abin da take iya karantawa. Da masana ma'adinai na Amurka suka duba dutsen, sai suka ga abin da ya tsananta lamarin: yawancin galinar da ke ciki ta riga ta rikiɗe ta koma serusait da danginta. Galina tana da taurin kai a cikin ciki, ba duka take narkewa ba. Serusait kuwa ruwan tumbi yana narkar da ita nan da nan, ta wuce cikin jini. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje ɗaya bayan ɗaya aka zuba sabuwa kafin a iya ba yaran magani, domin ba amfanin wanke jinin yaro a mayar da shi cikin ƙurar da ta sa masa ciwon. Ƙauyen Bagega, wanda shi ma abin ya shafa, bai sami wannan aikin ba sai 2013. A 2015 abin ya sake faruwa a Shikira, ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Ba kwalli ne ya kashe yaran Zamfara ba, kuma zalunci ne a haɗa tandun kaka da injin niƙan Bagega a ma'auni ɗaya. Amma gubar guda ce, hanyar shigarta ma guda ce, wato baki. A 2011 likitoci a Boston suka gwada jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan wasu 'yan Najeriya, suka sami maikurogiram 13 na dalma, fiye da ninki biyu na adadin da ake fara damuwa da shi. Gidan ba tsohon fenti, ba wata hanyar dalma. Daga ƙarshe aka gano tiro ne da aka sayo a Najeriya ake sa masa sau uku zuwa huɗu a mako, kuma da aka auna garin, kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Yaron lafiyarsa ƙalau a ido, ba zazzaɓi ba kuka. Haka dalma take aiki in ba ta yi yawa ba: ba ta kwantar da yaro, sai dai ta rage masa jini, ta taɓa ƙwaƙwalwar da ke kan girma, abin kuma ba ya bayyana sai an kai shi makaranta an ga karatu yana yi masa wuya. Jikin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. Jariri kuma aikinsa ke nan, ya murza ido ya kai hannu baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira mara illa, Amurka kuwa ta hana shigar da irin wannan kwalli ƙasarta.

Mai tara duwatsu a Turai da ya sayi galina yakan sa shi cikin akwati, ya wanke hannu bayan ya taɓa, ya hana yara wasa da shi. A nan kuwa ungozoma da kaka, da kyakkyawar niyya, su ne ke fara zizara shi a idon jariri tun kafin suna, wai ido ya yi haske ya yi kyau. Ba wanda ya ce a bar kwalli, domin ana yin baƙin kwalli da ba dalma a cikinsa, kuma hukumar NAFDAC tana da hurumin tilasta wa masu sarrafawa su gwada hajarsu su rubuta abin da ke ciki. Kafin a kai ga haka, kwallin dutse mai nauyi da ƙyalli a ɗauke shi daga idon jarirai da masu ciki da masu shayarwa. Uwar da ta san an daɗe ana sa wa ɗanta shi, ta nemi a gwada jinin yaron a babban asibiti.